Dutsen Kaushin Gwaggo

Shekara da shekaru dutsen nan yana makewayin gidanmu na Zango a Agege, kusa da kwandon soso, ba wanda ya taɓa yi masa kallo na biyu. Gwaggo ce ke goge kaushi da shi. Girmansa kamar dunƙulen hannun ƙato, ruwan toka, da rami a ka kamar ɗan ƙaramin turmi, jikinsa kuwa duk huda-huda sai ka ce an bi shi da tsinin allura. Wata Asabar ina wanke makewayin don za mu yi baƙi, na ɗaga shi zan kwara ruwa, sai hasken rana ya faɗa kan wani gefe da ya ɓalle. Nan na ga wasu siraran hanyoyi sun taso daga ramin tsakiya sun nufi waje, a jere, kowace da tazararta. Na yi tsaye da tsintsiya a hannu. Marmara ba ta irin wannan tsari, kankare ma ba ya yi, gidan gara kuwa da tuni ruwa ya narkar da shi.

Ni malamin ilmin halittu ne a wata sakandare mai zaman kanta. Kwaɗi da ganyaye ne fagena, duwatsu ban san musu kai ba. Amma na san akwai halittun da kan mutu, ƙasa ta binne su, su daɗe har su rikiɗe su zama dutse, kuma raina ya ba ni irinsu na riƙe. Murjanin teku, wata halitta mai gina wa kanta gida mai tauri kamar dutse, na fara kawowa.

"Ina za ka kai min dutse?" in ji Gwaggo, tana tsince shinkafa.

"Aro zan yi, Gwaggo. Kwana biyu."

"Na san kwana biyunku na 'yan boko."

Ta fi ni gaskiya, don wata biyar aka yi.

Da na tambayi asalinsa sai ta ce in tambayi ƙaninta, daga motarsa ta ɗauka. Baffa tsohon direban tirela ne, ya yi shekaru yana jigilar siminti kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya jujjuya dutsen, ya miƙo min, ya ce, "Ɗana, dutse nawa na sa wa taya waigi a rayuwata? Ko dai hanyar Sakkwato ne, ko hanyar Abeokuta. Zaɓi ɗaya." A lokacin dariya na yi. Ban san wannan amsar ce za ta fi komai ba ni wahala ba.

Da abin da ke gida na fara. Na aro ɗan gilashin nan da mai gyaran agogo ke maƙalawa a ido, mai ƙara girma sau 10, na wanke dutsen da tsohon burushin haƙori, na zauna da shi a rana. Murjani yana da alamar da ba ta ɓuya: kowane rami nasa a rabe yake da 'yan bangaye da suka nufi tsakiya, kamar lemo in an yanka shi a tsakiya. Na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa, ko ɗaya ba shi da bango. Ramuka ne kawai, zagayayyu, wasu sun nutsa ciki sun haɗu da siraran hanyoyin da na gani tun farko.

Sai na matsa lemon tsami. A kan farar ƙasar da ta cike gindin ramin tsakiya 'yan kumfa suka riƙa tasowa a hankali, a jikin dutsen kansa kuwa shiru. Na kawo wuƙa, ta kankare farin nan cikin sauƙi, amma a jikin sai ta zame ta bar zanen ƙarfe. Na goga gefensa a jikin kwalbar lemo, ya karce ta. Wannan kam ko ɗan aji uku ya san fassararsa: abu biyu ne a haɗe. Farin, dutsen farar ƙasa ne, wanda ake siminti da shi. Jikin kuma silika ne, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi.

A nan zumuɗi ya kwashe ni na yi wauta. Na ce tunda lemo yana ci a hankali, bari in sami mai ƙarfi. Na karɓo ruwan batir wajen mai cajin bakin titi, na ɓalli ɗan guntun farin na jefa. Ya yi fuu na ɗan lokaci, ya mutu, wani farin ɓawo ya lulluɓe shi. Na manta karatun da ni kaina na yi: asid ɗin batir in ya haɗu da farar ƙasa, wani gishiri yake haifarwa wanda ba ya narkewa sosai, shi ne ke rufe dutsen ya hana aikin ci gaba. Na yi asarar guntu, na kuma huda wandona na zuwa makaranta.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wata malama a sashen ilmin ƙasa da duwatsu na wata jami'a a nan Legas. Danfo biyu na shiga, da canji a Oshodi, dutsen yana cikin safa a aljihun jaka. Dakta Bayarabiya ce, amma a Sakkwato ta yi bautar ƙasa, tana jin Hausa daidai gwargwado. Na zata za ta ce kai, mene ne wannan. Ko taɓa shi ba ta yi ba ta ce, "Malam, daga ina?"

Na ce daga makewayi. Ta yi dariya har da riƙe tebur, sannan ta ce ba wannan take nufi ba. Wane rami, wane shimfiɗin dutse, mita nawa daga sama, me ke ƙarƙashinsa? Ba ni da amsa ko ɗaya. Sai a sannan ta ɗauka, ta ɗiga masa asid daga wata 'yar kwalba, ta duba da nata gilashin, ta daɗe a kan gefen da ya ɓalle. Ta ce, "Ina jin soso ne. Amma kada ka riƙe maganata tukuna."

Yanzu ni ne na yi dariya, duk da na koyar da darasin nan ba sau ɗaya ba. Bahaushe in ya ji soso, abin da ke yaɗo a kan danga yake gani, wanda ake bari ya bushe a ɓare a kai banɗaki. Wannan tsiro ne, dangin kabewa. Soson teku kuwa dabba ce, ko da yake ba ta da kai, ba ta da zuciya, ba hanji, ba jijiya. A manne take wuri ɗaya, tana zuƙo ruwa ta dubban ƙananan ƙofofin jikinta, ta tace abincin da ke ciki, ta fitar da ruwan ta babbar ƙofar sama. Ramin da na kira turmi ke nan, hanyoyin da rana ta nuna min kuma magudanan ruwanta ne. Saboda ƙofofin nan ne wani masani ɗan Sukotlan, Robert Grant, ya raɗa wa dangin suna Porifera a 1836, wato masu ɗauke da huda. Abin da ɗalibaina suka fi so shi ne gwajin da Ba'amurke H. V. Wilson ya yi a 1907: ya matse soso mai rai ta cikin ƙyallen siliki, kamar mai tace gasara, ƙwayoyin jikin suka warwatse a ruwa, sannan suka riƙa lalubo juna suna sake haɗuwa. Irinsu masu rai da aka sani yau sun haura 8,000, kuma sun fi shekara miliyan 500 a duniya.

Dalilin da ya sa Dakta ta ce kada in riƙe maganarta shi ne, soso ba a gane shi da fuska. Iri ɗaya zai iya fitowa kamar ƙoƙo a inda ruwa ke kwance, ya fito kamar faifai a inda igiya ke da ƙarfi, iri biyu da ba su haɗa komai ba kuma su fito kamar tagwaye. Kama da wane ba ta wane. Ta ba ni misalin wasu da masana suka yi shekaru suna lissafawa cikin murjani, sai da masu ninƙaya suka ciro danginsu da rai daga kogunan ƙarƙashin teku a Jamaika, wajen 1970, aka ga ashe soso ne. Shaidar gaskiya tana cikin ƙashi. Yawancin soso suna da wasu ƙananan allurai a cikin tsoka, na silika ko na farar ƙasa, siffar allurar ce ke faɗin dangi. Don a gan su kuwa dole a yanka.

Injin yankan dutse na sashen ya lalace, ana jiran kuɗin gyara. Na jira mako uku, na gaji, na kai wa wani mai aikin tayil a unguwarmu. Dakta ta ja layi da fensir daga bakin ramin zuwa gindi, ta ce a bi shi daidai, a riƙa zuba ruwa. Mutumin ya kalle ni ya kalli dutsen ya ce, "Malam, in magani ne ka faɗa min in yi bisimilla da kyau." Minti biyu ya raba shi. Daga nan aikin haƙuri ne: na shimfiɗa sanfefa a kan gilashin taga, na jiƙa, ina murza fuskar da aka yanka, daga mai lamba 220 zuwa 400 zuwa 600 har 1200. Dare huɗu na yi ina wannan bayan sallar isha. Da fuskar ta yi sumul na shafa mata ruwa, sai ga tsarin gaba ɗaya ya fito: ramin tsakiya ya sauka har kusan gindi, magudanai sun fito daga gare shi sun lanƙwasa sama kamar rassan bishiya, tsakaninsu kuma wani abu mai kama da auduga da aka danne.

Audugar nan muke nema. A ɗakin gwaji Dakta ta ɓalli yanki kamar ƙwayar gyaɗa daga ciki, ta sa a kofin gilashi, ta zuba asid ɗin haidirokulorik da aka surka, kashi 10 cikin 100. Shi yana cinye farar ƙasa ya bar silika. Ta ce sa'a ce in an samu, don sau da yawa a cikin irin wannan dutse silikar allurai kan narke tun tuni, farar ƙasa ta maye gurbinta, ka zuba asid ka wayi gari ba komai sai ruwa. Aka bar shi ya kwana. Washegari muka tsiyaye, muka ɗauraye sau uku, muka bar shi ya bushe a kan takarda. Abin da ya rage fari ne fat, ba nauyi, kamar guntun sukari da tururuwa ta fara ci. Muna ɗora shi a maikuroskof aka ɗauke wuta. Fitilar wayata na haska daga gefe, kuma wallahi hasken gefen ya fi fito da shi.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Sarƙaƙiya ce ta gilashi. Kowace allura a karkace take, ta yi rassa ba tsari kamar saiwar ciyawa da aka tumɓuke, jikinta duk 'yan ƙayoyi, ƙarshen kowane reshe kuma ya kama na maƙwabciyarsa kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Ba manne suke da wani abu ba, riƙon juna kawai suka yi. Na daɗe a sunkuye har wuyana ya ƙage.

Dakta ta jawo kujera ta fara cire abin da ba shi ba. Da soson gilashi ne, da mun ga allurai masu ƙafa shida sun haɗu a miƙe, murabba'i bayan murabba'i, kamar rodin da aka ɗaure za a zuba kankare. Babu wannan. Da na farar ƙasa ne, da asid ya cinye shi. Allurai masu sarƙewa irin waɗannan sunansu desma, masu su kuma ana ce musu soson dutse, don ko da rai tauri gare su. A cikinsu akwai masu desma mai hannu huɗu, akwai masu manya santala-santala, akwai masu kama da saiwa. Namu na saiwa ne, rukunin da ake kira Rhizomorina. Ta ƙara da cewa sarƙewar nan ce ta sa ya iso hannunmu, don yawancin soso da sun mutu tsokar ke ruɓewa, alluran su zube cikin laka kowace ta kama gabanta. Shekara ashirin tana kai ɗalibai ramukan dutsen siminti, in ji ta, sun tsinci katantanwa ba adadi, da makankari, da bushiyar teku, amma ita dai ba ta taɓa ɗaga soso sukutum da hannunta ba.

A nan na fara ganin sunana a jarida. Har na raya a raina in sabon iri ne Gwaggo za a sa wa.

Ta ba ni aron juzu'in soso na babban kundin halittun da suka zama dutse, wanda Jami'ar Kansas ta Amurka ke fitarwa, bugun farko na 1955, bangonsa duk ya saɓule. Mako biyu ina gwada zane da dutse. Na sami uku da suka yi kama, na kai mata da murna. Ta karanta bayanin kowanne da ƙarfi, a kowanne kuma sai mu iso jimla iri ɗaya: yadda ƙofofin fatar waje suke, ko a ɗage suke kamar ƙuraje, ko a cikin kwari, ko a fuska ɗaya kawai. Ta juya dutsen ta shafa bayansa da babban yatsa. Sumul, ya lotsa daidai inda hannu ke kamawa da inda diddige ke bi. Fatar da za ta raba mana gardama, wadda ta tsira daga miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa, ta ƙare a ƙafar Gwaggo.

Mun aika hotuna wa wani masanin soso a Turai. Bayan mako uku ya amsa da layi huɗu: ya yarda Rhizomorina ne, abin sha'awa ne ƙwarai daga wannan yanki, yana so ya ga fatar waje, kuma daga wane shimfiɗi aka ciro shi?

Tambayar Dakta ta ranar farko ta dawo. Abin da ya sa amsar Baffa ta zama matsala shi ne duk hanyoyin biyu da ya ambata suna da dutsen siminti, kuma kusan sa'o'in juna ne. Na Ewekoro a jihar Ogun, kan hanyar Abeokuta, da na Kalambaina a gefen Sakkwato, duka sun kwanta ne a zamanin da ake kira Faliyosin, tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce, lokacin da teku marar zurfi ya rufe wuraren biyu. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu zai yi wuya ya yarda teku ya taɓa kwanciya a can, amma a ƙasar ne aka haƙo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda ya ma girmi dutsen Kalambaina, aka sa masa suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Dutsen Ewekoro kuwa wani masani, Farfesa Adegoke, ya yi cikakken bayanin halittun cikinsa tun 1977. Dakta ta nuna min wasu 'yan ƙwayoyi kore-kore a cikin farar ƙasar da ta cike ramin, ta ce ma'adinin gulokonait ne, an san shi a saman dutsen Ewekoro. Ya karkata can, amma karkata ba hujja ba ce.

Baffa ne ya tuna da yaron motarsa na wancan lokaci, ya ce yanzu dillalin albasa ne a Mile 12. Na je ranar Lahadi da sassafe, na bi ta cikin caɓi da 'yan dako ina tambaya har aka nuna min shi a kan buhu, ya zama babban mutum da furfura a gemu. Da na ce ni ɗan wan maigidansa ne sai ya miƙe, ya sa aka kawo min shayi, ya tambayi gwiwar Baffa. Na fito da rabin dutsen. Bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Kai! Turmin nan yana nan?" Da damina ne, in ji shi, taya ta yi faci a wajen Papalanto, sun ɗauko lodi za su shigo Legas. Ya ɗauko wani farin dutse daga tulin da ke bakin hanya ya sa waigi, da motar ta ɗan motsa sai dutsen ya dare, wannan ya faɗo daga cikinsa kamar ƙwallon mangwaro. Siffar ce ta ba shi sha'awa ya jefa a gaban mota.

Papalanto maƙwabciyar Ewekoro ce, maganarsa ta zo daidai da koren ƙwayoyin Dakta. Sai dai tulin bakin hanya tifa ce ta zubar, tifa kuma ba ta faɗin daga wane shimfiɗi aka loda mata. Don a raɗa wa halitta sabon suna, sai an bayyana abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta a rubuce an buga, an kuma ajiye samfurin a inda kowane masani zai iya zuwa ya duba. Da guda ɗaya tak, marar fata, wanda aka tsinta a gefen titi, Dakta ta ce ba za ta sa hannunta ba. Na ji haushi a ranar, har na ce a raina tsoro ne irin na 'yan jami'a. Daga baya na sake buɗe zane ukun nan da na zaɓa, na ga ni kaina ba zan iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Ga abin da ta rubuta a 'yar takardar da ke cikin akwatin: Rhizomorina, gen. et sp. indet., gajarcen Latin ne mai nufin ba a tantance jinsi da iri ba. A ƙasa ta sa: ana kyautata zaton dutsen Ewekoro, Faliyosin, tsintuwa a bakin hanya kusa da Papalanto. Rabi ɗaya da farin guntun da asid ya bari suna cikin durowar sashen da lambarsu. Ta ce da rani za ta kai ɗalibai can, wannan karon za ta ce su riƙa duba duk abin da wuƙa ta kasa karcewa, kuma in ina so in biyo su. Ɗaya rabin yana kabad ɗin ajinmu.

Da na ba Baffa labari ya rage muryar rediyo ya ce, "To, ruwan Ɗufana ke nan?" Na ce masana sun ce wannan tekun ya riga mutane zuwa duniya nesa ba kusa ba. Ya ce Allah mai iko, ya mayar da muryar rediyonsa.

Gwaggo kuwa na saya mata sabon dutse a kasuwar Agege, na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da hoton sarƙaƙiyar a waya. Ta kalla, ta kawar da kai.

"Wato duk yawon nan da ka yi, da wandon da ka ƙona, cewa aka yi soso ne?"

"Soso ne, Gwaggo. Na teku."

"To ni da na ajiye shi a kwandon soso, jami'a na je? Wannan da ka sayo marmashewa yake yi. Rabin da ke makarantarku, in yaran sun gama kallo, ka dawo min da shi."